Muhawara: Shin Katsina da Daura na bukatar ƙungiyar nazarin tarihin gini?

Malamin Tarihi, Katsina:

Assalamu alaikum. Ina da shawara da nake son in ajiye a gaban wannan zaure, kuma ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani a kanta ba tare da kara ba. A ƙasar Ingila akwai wata ƙungiyar masana da aka kafa a 1982, sunanta Construction History Society, kuma abin da ta sa gaba shi ne binciken yadda aka yi gine-gine a zamanin da ya wuce: da wane kaya aka yi su, daga ina aka ɗauko kayan, su wane ne suka yi aikin da hannunsu, nawa aka biya su, kuma wace dabara suka bi har rufi ya tsaya bai rufto ba. Tun 1985 take fitar da mujalla a kan wannan fanni kaɗai. Mutanen Sifen sun kafa tasu, Amurkawa ma sun bi sahu, kuma tun daga taron farko da aka yi a birnin Madrid a 2003, masu wannan nazari na duniya suna haɗuwa duk bayan shekara uku, kamar yadda suka yi a Kambirij a 2006, a Paris a 2012, a Shikago a 2015, har zuwa taron Zurik na 2024. A cikin irin waɗannan ƙungiyoyi za ka tarar da malamin tarihi da injiniya da mai zanen gini da mai gyaran tsoffin gidaje duk a kan tabarma ɗaya.

Tambayata ita ce, me ya hana mu yin irin wannan a Katsina da Daura? Muna da Hasumiyar Gobarau mai tsawon kusan mita 15, wadda aka gina da ƙasa kuma tana nan tsaye. Muna da ragowar ganuwar da Bature Barth ya gani ya yi mamakin faɗinta lokacin da ya zo Katsina a 1851. Muna da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wanda yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi. Muna da Gidan Korau da fadar Sarkin Daura. Duk wanda ya kai baƙo Gobarau zai iya ba shi labarin Sarki Muhammadu Korau da zuwan Shehu Magili, amma 'yan kaɗan ne za su iya gaya masa kaurin katangar a gindi, ko kududdufin da aka haƙo ƙasarta, ko yadda aka ɗora hawa a kan hawa nauyin bai tsaga ta ba. Tarihin sarakuna muna da masu riƙe shi. Tarihin aikin hannun magina ne ke neman ɓacewa, kuma shi nake son mu yi wa ƙungiya.

Injiniya, Daura:

Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Niyyar tana da kyau, amma ina da damuwa guda biyu. Ta farko, duk damina sai mun ji labarin ɗakin ƙasa ya rufta wa mutane a ƙauyukanmu da cikin tsoffin unguwanni, kuma ina jin tsoron kada ƙungiyar ta zama wurin yabon ginin ƙasa alhali talaka na neman ya tsira daga cikinsa ya samu na bulo da kwano. Ta biyu, mun sha ganin ƙungiyoyi da aka ƙaddamar da su da gagarumin taro, aka naɗa shugabanni, aka ɗauki hotuna, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ina son in ji takamaiman abin da wannan ƙungiya za ta riƙa fitarwa a kowace shekara, wanda mutum zai iya riƙewa a hannunsa ya ce ga shi.

Jikan Magina, Katsina:

Yallaɓai Injiniya, bari in amsa maka damuwarka ta farko, domin a gidan magina aka haife ni, kuma na yi miƙon tubali a ƙarƙashin kakana kafin in shiga makaranta. Ɗakin da kake gani yana rufta wa mutane, in ka bincika, sau da yawa za ka tarar ba a bi ƙa'idar ginin ƙasa ba wurin yin sa, ko kuma an bi amma an daina kula da shi. Maginin da ya san aikinsa ba ya ɗebo ƙasa yau ya yi gini da ita gobe. Sai ya zaɓi birji mai kyau, a jiƙa shi, a tattake shi da ƙafa, a zuba masa ramno ko kashin doki, a bar shi ya kwana ya ruɓa, a sake jiƙawa a sake tattakawa, har sai ƙasar ta yi danƙo tana kama ƙafa. Sannan a murza tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana har ya bushe ƙayau. Wurin jerawa kuwa, gindin tubali ne a ƙasa, tsininsa a sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kuma ba a ɗora sabon jeri sai na ƙasa ya sha iska ya kama jikinsa. Shi ya sa ake gini da rani, bayan an gama kaka, domin a samu rana a kuma samu hannu. Katanga tana farawa da kauri sosai a ƙasa, tana raguwa tana hawa, don haka nauyinta a kanta yake zaune.

Sai maganar rufi, wadda a nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma ta namijin giginya ake nema domin tauri da kuma gara ba ta cinta da sauƙi. Azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kimanin ƙafa shida, sai ta lanƙwashe. To yaya aka yi zaurukan fada masu faɗi, waɗanda mutum hamsin za su zauna a ciki? A nan ne bakan gizo da ɗaurin guga suka shigo. Magini zai dasa azara a jikin katanga tun yana gini, ta ɗan karkato ciki, ya ɗaure wata a kanta da igiya ta ƙara karkatowa, ya lulluɓe da ƙasa ya jira ta bushe, haka daga wannan gefe da wancan gefe har su haɗu a tsakiya. Idan bakan gizo biyu ko fiye suka gitta juna, wato ɗaurin guga ke nan, sai ɗaki ya rabu gida-gida, kowane gida bai wuce abin da azara za ta iya ɗauka ba, a shimfiɗa azara, a sa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a fitar da tulluwa. A saman rufin sai a shafe da laso, wanda ake haɗawa da katsi daga karofin marina da gashin jima daga majema da ruwan dafara, kuma shi ne ke hana ruwa shiga. A jikin katanga ana yaɓe da makuba ta ɓawon ɗorawa. Indararo kuma yana fitar da ruwa nesa da gindin gini.

Yanzu karofi ya yi ƙaranci, saboda haka katsi ya yi wuya. Giginya ta ragu, azara ta yi tsada. Mai gida ya daina yaɓen shekara-shekara, maimakon haka sai ya sa a shafe katangar ƙasa da siminti yana ganin ya huta. Siminti ba ya kama ƙasa, kuma yana hana ta numfashi, ruwa ya shiga ta tsaga ya kasa fita, katangar ta jiƙe daga ciki mai gida bai sani ba, har ranar da za ta zauna. Ga titi da kwalbati da aka ɗaga sama da gindin gidaje, ruwa ya kwanta a inda a da yake wucewa. Duk wannan ilimi ne, kuma in da an rubuta shi an yaɗa shi, da an ceci rayuka. Waɗanda suka san shi ciki da waje tsofaffi ne, 'ya'yansu sun koma birkiloli ko sun bar sana'ar baki ɗaya.

Ɗalibar Tarihi:

Baba Jikan Magina, Allah ya saka da alheri, wannan bayani ban taɓa samun irinsa a aji ba. Tambayata ga Malam ita ce: Turawa suna da takardun kwangila da littattafan lissafin kuɗin gini da zanen da magina suka bari, shi ya sa bincikensu ke tafiya. Mu da maginanmu ba su rubuta ba, da me za mu kafa hujja har masana na waje su karɓi abin da muka ce?

Malamin Tarihi, Katsina:

'Yata, tambayarki ita ce ginshiƙin maganar. Hujjarmu ta farko ita ce ginin kansa, domin katangar da ta tsage tana nuna girman tubalinta da irin ƙasarta da yawan yaɓen da aka yi mata, kuma mai ido zai karanta wannan kamar yadda yake karanta takarda. Ta biyu ita ce bakin magina da masu gidaje, a ɗauki muryarsu, a gwada maganar wannan da ta wancan. Ta uku ita ce takardu, kuma sun fi yadda kike zato yawa. A gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin Lardin Katsina da rahotannin shekara-shekara da kiyasin kuɗin baitulmalin En'e, inda ake rubuta abin da aka ware wa gini da gyaran ofisoshi da makarantu da gidajen yari. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a nan Katsina, akwai tsoffin hotuna a hannun iyalai da fada. Sannan akwai aikin da wasu suka riga suka yi. Wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya tare da mataimakansa 'yan ƙasa, ya zana su dalla-dalla, kuma aikinsa ne ya haifar da gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A sashen zanen gini na Jami'ar Ahmadu Bello ma an yi bincike mai yawa a kan maginan Hausa, sai dai galibinsa da Turanci yake kuma yana kulle a ɗakin karatu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunayen magina. A Zariya an riƙe sunan Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma saboda an riƙe sunan, yau duk mai nazarin ginin Afirka ya san shi. Gine-ginenmu na Katsina da Daura ma hannun wasu gwanaye ne ya yi su, kuma jikokinsu suna nan a cikin gari. In ba mu tambaye su yanzu ba, sunayen za su tafi tare da su.

Ga Injiniya kuma, abin da nake hange a kowace shekara shi ne awon gini biyu ko uku da cikakken zane, da hirar magina da aka ɗauka aka rubuta, da ƙaramar mujalla guda ɗaya. In mun iya wannan, mun yi ƙungiya ko da ba mu taɓa yin bikin ƙaddamarwa ba.

Hajiya Mai Zanen Gini:

Ina goyon bayan Malam, kuma ina son in jaddada cewa awo ne ya kamata ya zo gaba da komai. Labari yana iya jira wata ɗaya ko biyu, amma ginin da katafila ta shiga da safe, kafin la'asar babu shi. A auna tsawo da faɗi da kauri, a ƙirga azara, a duba yadda aka ɗaure ta, a ɗauki hoto ta kowace kusurwa. Yanzu da wayar hannu da manhajar kwamfuta ana iya haɗa hotuna masu yawa su ba da surar gini gaba ɗaya, kuma ɗalibanmu na Kwalejin Hassan Usman da na jami'o'in jihar nan za su iya koyon wannan cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma maganar shekarun gini, wadda ya kamata mu yi taka-tsantsan da ita. Riwayoyi sun sha bamban a kan lokacin da aka gina Gobarau, kuma an sha gyara ta. A Turai suna gane shekarun gini ta ƙirga zoben da ke cikin katakon rufi, amma giginya ba ta yin irin wannan zobe, don haka wannan hanya a rufe take gare mu. Abin da ya rage shi ne gwajin kabon a ɗakin bincike, wato gwajin da ke kimanta shekarun ragowar itace ko ciyawa, a kan guntun azara ko ciyawar da ke cikin tubali. Ciyawar cikin tubali ta fi amfani, domin a shekarar da aka yanke ta aka kwaɓa ta, ita kuwa azara ana iya cire ta daga tsohon ɗaki a sa a sabo, ko a sauya ta wurin gyara. Wannan aiki ne mai bukatar izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da na masarauta, da kuma kuɗi, amma ƙungiya ce kaɗai za ta iya neman sa a saurare ta.

Abu na ƙarshe, kada a manta da aikin mata. Magini yana gama ɗaki ya tafi, amma daɓe mata ne ke yin sa. Su ke zuba tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba, su jeru da madaɓi suna bugawa suna waƙa har ƙasa ta yi sulɓi ta yi ƙarfi. Su ke shafe ɗaki da farar ƙasa, su ke yin adon cikin ɗakin amarya. Namiji baƙo ba zai shiga cikin gida ya tambayi tsohuwa wannan ba, saboda haka dole ƙungiyar ta kasance da mata masu bincike tun daga ranar farko.

Injiniya, Daura:

Bayanin Baba Jikan Magina a kan siminti da katangar ƙasa daidai yake da abin da muka sani a fanninmu, kuma na yarda cewa yaɗa shi zai yi amfani. Amma ina da sharaɗi. In ƙungiyar tarihin gini ce, to kada ta tsaya a kan tubali da azara. Ta binciki yadda kwano da siminti da rodi suka shigo ƙasar nan, domin shi ma tarihi ne, kuma shi ne ya sauya fuskar garuruwanmu. Jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912, kuma daga nan ne kayan gini masu nauyi suka samu hanyar zuwa Arewa, sannan a ɗauko su a mota zuwa Katsina da Daura. An fara yin siminti a Nijeriya a Nkalagu a 1957, na Sakkwato kuma ya fara fita a 1967. Bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 an yi gine-ginen ma'aikatu da rukunin gidaje masu yawa cikin 'yan shekaru. Su wa suka koya wa birkilolinmu na farko aikin bulo? Wane ne ya fara zuba dakin, wato rufin kankare, a garin nan? Me ya sa wasu gine-ginen kankare na farko suke nan daram, wasu na baya-bayan nan kuma suke tsagewa kafin a gama biyan ɗan kwangila? Amsar wannan za ta amfani injiniyan yau kai tsaye.

Sannan ina son a kai tubali da laso da makuba ɗakin gwaji, a auna ƙarfinsu da yadda suke shan ruwa, a rubuta da alƙaluma. Ta haka ne kaɗai za mu iya cewa wannan dabara ta cancanci a dawo da ita, waccan kuma a bar ta a cikin littafi.

Dattijo, tsohon ma'aikacin sashen ayyuka:

'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma na ji daɗi. Ni na yi aiki a lokacin da magini na ƙasa da birkila suke aiki a wuri ɗaya, ɗaya na ta da katanga da tubali, ɗaya na zuwa ya ɗora kwano ya sa tagar ƙarfe. Irin waɗannan gidaje masu rabi da rabi suna da yawa a cikin gari, kuma su ne za su ba Injiniya amsar tambayoyinsa, don haka a sa su cikin waɗanda za a auna.

Gargaɗina shi ne a kan dogaro da gwamnati. Na ga lokacin da aka rushe wata tsohuwar ƙofa domin faɗaɗa hanya, aka sake ta da siminti, kuma babu wanda ya auna ta asali ko ya ɗauki hotonta yadda ya kamata kafin a taɓa ta. Na yi magana a lokacin, aka ce mini aikin gaggawa ne. Ganuwa kuwa, a idonmu aka riƙa ɗibar ƙasarta ana yin tubali, ana yanka filaye a kanta. Ƙungiyar da ke cin abinci a hannun hukuma ba za ta iya buɗe baki ranar da hukuma ta kawo katafila ba. Ku tsaya da ƙafarku, kowane mamba ya riƙa biyan kuɗin shekara ko da kaɗan ne, ku nemi albarkar masarautun Katsina da Daura, ku yi hulɗa da hukuma cikin mutunci, amma kada asusunku ya rataya a wuyanta.

Malamin Jami'a:

Ranka ya daɗe Baba, wannan shawara abin riƙewa ce. Ni kuma ina son in ta da maganar harshe. A ganina mujallar ta fito da Turanci, kuma a riƙa tura kowace maƙala ga masana su tantance kafin a buga. Dalilina shi ne, matashin malamin jami'a ba zai ba da lokacinsa ga rubutun da ba za a ƙirga masa shi wurin ƙarin girma ba, kuma in muna son a ji muryarmu a taron duniya da Malam ya ambata, dole mu yi magana da harshen da ake saurare a can. Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya da aka kafa a Ibadan a 1955 ta wannan hanya ta samu ƙima.

Jikan Magina, Katsina:

Malam, a nan kam ban bi ka ba. In kun je wurin tsoho kun zauna a zaurensa, ya buɗe muku abin da ya gada daga ubansa, sannan kuka rubuta da harshen da shi da 'ya'yansa ba za su karanta ba, kuka sa sunayenku a kai, to kun ɗauke masa abu ba ku mayar masa da komai ba. An sha yi mana haka, shi ya sa za ku tarar wasu dattawan sun rufe baki. Ku sani kuma gini sana'a ce ta gado, tana da shugabanci, tana da ladabi. Ba a shiga unguwar magina a fara tambaya sai an bi ta hannun Sarkin Magina. Akwai abin da magini zai nuna maka a fili, akwai kuma addu'o'i da sirrin gida da ba zai faɗa ba, kuma bai kamata a matsa masa ba. Abin da nake nema shi ne magini ya zama cikakken mamba mai ƙuri'a kamar farfesa, a rubuta sunansa a kan duk abin da ya koyar, kuma in an ɗauke shi daga aikinsa domin ya nuna ɗaurin guga, a biya shi ladan wuninsa.

Hajiya Mai Zanen Gini:

Ina ganin za a iya haɗa biyun, amma Hausa ce ya kamata ta zama asali, a riƙa sa taƙaitawa da Turanci a ƙarshen kowace maƙala, wadda ta yi fice kuma a fassara ta gaba ɗaya a aika waje. Akwai wani dalili da ya wuce na adalci ga magina. Ƙasar ginin Hausa ba ta tsaya a kan iyakar Jibiya ko Kongolam ba. A ƙauyen Yama da ke yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, kuma wannan masallaci ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji an gyara tsohon masallacin ƙasa an mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa da aka matse. Tsohon birnin Agadas da hasumiyarsa sun shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. Maginan Maraɗi da Damagaram da Tawa har yanzu suna yin aikin da ya yi ƙaranci a wurinmu, kuma masanansu da Faransanci suka yi karatu. In muka rubuta da Turanci mun yanke kanmu daga gare su, in muka rubuta da Hausa kuwa, da mu da su duk za mu karanta.

Malamin Jami'a:

Hujjar Hajiya a kan Nijar tana da ƙarfi, kuma zan iya amincewa da Hausa a matsayin asali, muddin ba a yi sassauci a kan tantancewa ba. Duk maƙalar da ta ce an yi gini a shekara kaza, sai ta nuna inda ta samo, ko daga takarda, ko daga bakin wane da ranar da aka yi hirar, ko daga gwaji. A kan batun ƙuri'ar magina da sa sunansu ba ni da ja. Inda har yanzu nake da shakka shi ne ko jami'o'inmu za su ƙirga wa malami irin wannan rubutu, kuma ina ganin sai an je an yi wannan magana da sassan Hausa da tarihi da zanen gini tun kafin a buga fitowa ta farko.

Ɗalibar Tarihi:

Ni da wasu 'yan ajinmu a shirye muke mu ɗauki aikin hira da tsofaffin mata a kan daɓe da shafe, in Hajiya za ta tsara mana tambayoyin kuma ta raka mu gidan farko. Muna kuma iya mayar da muryoyin da aka ɗauka zuwa rubutu.

Malamin Tarihi, Katsina:

Alhamdu lillahi. Ina ba da shawarar mu jinkirta maganar suna da tsarin mulki da rajista har sai mun gama aiki ɗaya da za mu nuna. Baba Jikan Magina, ina roƙonka ka yi mana iso wurin shugabannin magina, ka gaya musu manufarmu da sharuɗɗan da ka kawo, waɗanda na ga zaure ya karɓa. Malamin Jami'a ya tuntuɓi sassan da ya ambata. Ni zan je Kaduna in duba fayilolin baitulmali da na sashen ayyuka, in fitar da duk abin da ya shafi gini. Abin da ya rage shi ne ginin da za mu fara da shi, kuma na fi son ya zama wanda ke cikin haɗari, ba wanda hukuma ke tsaro ba.

Injiniya, Daura:

To ga ɗaya. A cikin garin Daura akwai wani tsohon zaure mai ɗaurin guga a gidan wasu 'yan'uwanmu, kuma magada sun yanke shawarar rushe shi da zarar ruwa ya ɗauke domin su fitar da shaguna. Gefe ɗaya na rufin ya fara zaunawa, har ana ganin azara da igiyar ɗaurin a fili, wanda hakan zai sauƙaƙa wa Hajiya zane. Zan yi magana da babban gidan a wannan mako in nemi su ba mu lokaci kafin su sa hannu, kuma su bar mu mu ɗauki tubali kaɗan da guntun laso domin gwaji. Zan kawo abin awo da tsani, zan kuma duba rufin da kaina in sa masa tokara kafin kowa ya shiga ƙarƙashinsa. Baba Jikan Magina, in da hali ka taho mana da dattijo ɗaya da ya taɓa ɗaura guga da hannunsa, kuɗin motarsa da ladan wuninsa suna kaina.